Mai Kaurin Leɓe: Kifin da Ɗansa Bai Yi Kama da Shi ba

A ƙarƙashin wani reshen murjani, wato halittar teku mai tauri kamar dutse da ke yin rassa kamar itace, a ruwan da zurfinsa bai fi mita 2 ko 3 ba, akwai wani ɗan kifi da bai kai tsawon yatsa ba. Duk wanda ya fara ganinsa zai ɗauka wani ciwo ne ya kama shi. Kai a sunkuye, wutsiya a sama, jiki sai karkaɗawa yake yi ba ƙaƙƙautawa, fukafukan da suka yi masa yawa suna ta filfilwa kamar tsumma a cikin iska. Launinsa ruwan ƙasa ne mai ɗan ja, da manyan tabo farare sol, kowanne da baƙin layi zagaye da shi. Bai yi gaba ba, bai yi baya ba. Yana nan wuri guda yana rawa.

Can ƙasa kuma, a bakin wani kogo, ga wani ƙaton kifi mai tsawon hannun babban mutum. Jikinsa fari-fari ne, an yayyafa masa ɗigo masu duhu tun daga goshi har wutsiya, leɓɓansa sun yi suntum kamar zuma ta harbe shi. Ko gezau ba ya yi. Mai nutso zai iya matsowa kusa da shi su yi ido da ido, shi dai kallo kawai.

Waɗannan biyun jinsi ɗaya ne. Na farkon ɗa ne, na biyun babba. Masana suna kiransa Plectorhinchus chaetodonoides, kuma ana samunsa tun daga tsibiran Maldif a Tekun Indiya har zuwa Fiji a Tekun Fasifik, daga kudancin Japan zuwa arewacin Ostireliya. Yakan kai santimita 70 da 'yan kai. Sunan da Turawa suka laƙaba wa shi da 'yan uwansa yana nufin masu zaƙin leɓe, amma abin da ido ke gani kauri ne, don haka mai kaurin leɓe zan riƙa ce masa. Abin da ya fi ja min hankali game da shi shi ne rayuwarsa a rarrabe take: kama biyu, ɗabi'a biyu, mazauni fiye da biyu. Wanda ya san ɓangare ɗaya kawai bai san kifin ba, kuma wanda ya kare ɓangare ɗaya kawai bai kare shi ba.

Gidansu, wato Plectorhinchus, yana da jinsi kusan 30, sannan akwai gidan Diagramma da ke maƙwabtaka da su. Dukansu suna cikin babban dangin Haemulidae mai jinsi sama da 130, dangin kifayen da aka sani da gurnani. Sunan dangin daga Girkanci ya fito, daga kalmomin jini da dasashi, saboda jan da ke cikin bakin 'yan uwansu na tekun Amurka. Mafi yawan masu kaurin leɓe a Tekun Indiya da yammacin Fasifik suke, musamman a yankin da ya haɗa Indunusiya, Filifin, Malesiya da Papuwa Niyu Gini, inda murjani ya fi yawa da bambanta a duniya. 'Yan kaɗan ne suke gabashin Tekun Atilantika.

Su kansu masana sun sha wahala da wannan kifi. A ƙarni na 18 da na 19 masu nazarin halittu a Turai ba su nutso, ba su ga kifin yana girma a gabansu ba. Abin da ke isowa hannunsu busasshiyar fata ce, ko gawa a cikin kwalbar barasa, ko zanen da wani matafiyi ya yi. In aka kawo maka ɗan kifi mai tabo yau, shekara mai zuwa aka kawo ƙato mai ratsi, me zai sa ka zaci uwa ɗaya uba ɗaya ne? Haka jinsi guda ya riƙa samun suna biyu ko uku. Wanda yanzu ake kira Plectorhinchus vittatus, mai ratsin baƙi da fari da fukafukai ruwan ɗorawa, Linnaeus, masanin halittu ɗan Suwidin, ya raɗa masa suna a 1758, sai Bloch Bajamushe ya sake raɗa masa wani a 1793, kuma sunan na biyu, orientalis, shi ya daɗe yana yawo a littattafai. Shi kuwa mai rawar da muka fara da shi, Lacepède Bafaranshe ne ya sa masa suna a 1801, kuma ɓangaren sunan na biyu yana nufin mai kama da kifin malam-buɗe-littafi, wani dangi dabam na ƙananan kifaye masu ado. Siffar ɗan ce wannan. Babban bai yi kama da su ba ko kusa.

Akwai wanda ya bi wata hanyar da nake ganin ta fi hikima. Peter Forsskål, ɗalibin Linnaeus, yana cikin ayarin binciken da Danmak ta tura ƙasashen Larabawa a 1761. Da ya isa Bahar Maliya sai ya riƙa tambayar masunta sunan kowane kifi yana rubutawa. Zazzaɓi ya kashe shi a Yaman a 1763 yana da shekara 31, abokin tafiyarsa Carsten Niebuhr ya buga aikinsa a 1775. Har yau biyu daga cikin masu kaurin leɓe na wannan teku, gaterinus da schotaf, sunayen Larabcin da ya ji a bakin masunta suke ɗauke da su.

To me ya sa ɗan yake rawa? Nan ne zancen ya fi daɗi.

Ɗan kifi mai tsawon yatsa loma ɗaya ce ga kusan duk abin da ke da baki a tsaunin murjani. Hanyar da mafi yawan 'ya'yan kifi ke bi ita ce ɓuya: su saje da yashi, su shige rami, ko su cuɗu cikin garke. Wannan kuwa ya yi akasin haka. Launinsa yana kiran ido, motsinsa ya fi launin kiran ido. Fassarar da masana suka fi karkata gare ta ita ce kwaikwayo yake yi. A waɗannan ruwaye akwai wasu tsutsotsi shimfiɗaɗɗu kamar ganye, masu launi mai ƙyalli, da kuma wasu dodon-koɗi marasa kwanso, waɗanda jikinsu ke da dafi ko ɗaci. Wasu daga cikin dodon-koɗin daga soson teku da suke ci suke tara dafin. Waɗannan halittu ba su ɓuya, don ba su da bukata. Kifin da ya taɓa gatsar ɗaya ya tofar ba zai sake ba, kuma abin da zai tuna shi ne launin da irin tafiyar. Shimfiɗaɗɗiyar tsutsa in za ta yi iyo, gefen jikinta ne ke kaɗawa kamar igiyar ruwa daga gaba zuwa baya. Wannan kaɗawar ce ɗan mai kaurin leɓe yake kwaikwaya da dukkan jikinsa.

Irin wannan dabara, inda marar dafi ke sa rigar mai dafi, Henry Walter Bates ne ya fara bayyana ta a 1862, bayan shekara 11 da ya yi a dajin Amazon yana nazarin malam-buɗe-littafi. Amma a ganina rawar tana yin wani aiki ƙari a kan kwaikwayon. Mafarauci yana neman siffar kifi ne: ga kai, ga ido, ga wutsiya, ga inda zai nufa in ya zabura. Manyan fararen tabon suna yayyanka siffar jikin, idon ya ɓace cikin duhun launin, karkaɗawar kuma ta hana a gane ina ne gaba ina ne baya. Ko mafaraucin bai taɓa ɗanɗana tsutsa mai dafi ba, 'yar tsayawar da zai yi yana tunani ta isa ɗan kifin ya faɗa tsakanin rassan murjani. Ba shi kaɗai ke da irin wannan wayo ba a gidansu. Ɗan Plectorhinchus gibbosus, wanda ke tashi a bakin koguna inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, launinsa na busasshen ganye ne, yakan kwanta a gefe guda ya bar ruwa yana tafiya da shi kamar ganyen da ya faɗo daga bishiya.

Dabarar tana da wa'adi. Tsutsar da ake kwaikwaya ƙarama ce, kuma in kifi ya wuce girmanta ƙaryar ta ƙare, ba mai ɗaukar abu mai tsawon taƙi biyu a matsayin tsutsa. Don haka yana girma rigar tana sauyawa, kuma sannu a hankali take yi. Da fari ɗigo mai duhu zai ɓullo a tsakiyar kowane farin tabo. Sai ɗigon su ƙaru, farin ya faɗaɗa yana cinye ruwan ƙasan, har tabo ya haɗe da tabo. Ƙarshenta jikin duka ya koma fari-fari, ɗigon su yi ta ƙanƙancewa suna yawaita. Rawar ma tana raguwa har ta tsaya, fukafukan da suka yi masa yawa su daidaita da jiki, leɓɓan su fara kauri, kuma ba su daina kauri har tsufa. A lokaci guda yana barin ruwa marar zurfi yana gangarawa zuwa gefen tsaunin murjani. Girma ya zama garkuwarsa, sai dai manyan mafarauta irin su kifin shak.

Yinin babba yini ne na hutu. Za ka same shi a ƙarƙashin murjani mai faɗi kamar tebur, ko a bakin kogo, ko a inuwar jirgin da ya nutse, wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci cikin garke. Wasu jinsunan, irin mai ratsin karkace da ake kira lineatus, sukan taru da yawa, kowa ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, suna shawagi wuri guda kamar an rataye su da zare. Wannan ne ya sa masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa suke son su ƙwarai.

Akwai aiki ɗaya da yake yi da rana, kuma ya cancanci a tsaya a kalle shi. A kan wasu duwatsun murjani akwai wani ɗan siririn kifi mai shuɗi da baƙin ratsi, Labroides dimidiatus, mai tsawon kimanin santimita 10, sana'arsa tsince ƙwari daga jikin sauran kifaye. Yana da wurin zamansa, kowa ya san wurin. Mai kaurin leɓe zai zo ya tsaya cik, ya ɗan karkace, ya baza fukafukai, ya wangale baki, ya ɗaga murfin da ke gefen kansa inda yake numfashi. Ɗan siririn ya bi jikinsa yana tsinta, ya shiga cikin bakin kai tsaye, ya bi dasashi da maƙogwaro, ya fito ta gefen kai. Bakin da zai iya haɗiye shi a numfashi ɗaya yana buɗe har ya gama. In babban ya gaji sai ya ɗan girgiza, ƙaramin ya fice. Binciken da aka yi a tsibirin Lizard da ke Babban Shingen Murjani na Ostireliya ya nuna mai tsintar guda ɗaya yakan ci ƙwari sama da 1,000 a rana, mafi yawansu 'yan mitsi-mitsin masu shan jini, kuma duwatsun da aka kwashe masu tsintar daga kansu kifayensu sun ragu. Kifin da ke yini wuri guda ba motsi, ƙwari sun fi samun damar hawansa, saboda haka wannan ziyara ba ta marmari ba ce.

Rana na faɗuwa garke ya watse. Kowa ya bar inuwar murjani ya nufi filin yashi da tsakuwa, ko fadamar ciyawar teku da ke kusa, yana bin ƙasa da baki. Abincinsa ƙaguwa ce, da jatan lande, da tsutsotsi, da ƙananan dabbobi masu kwanso, wani lokaci da 'yan kifaye. A haɓarsa akwai ƙananan huda guda 6, waɗanda ke haɗe da hanyoyin ji da ke cikin kai, kuma da su ne masana ke bambanta shi da 'yan uwansa na gidan Pomadasys, masu huda biyu da rami a tsakiya. Haƙoran bakinsa ƙanana ne, ba su da wani abin tsoro. Aikin tauna a maƙogwaro ake yinsa, inda yake da wasu haƙora sama da ƙasa da ke murƙushe kwanso. Waɗannan haƙoran ne kuma ke fitar da gurnanin da dangin ya yi suna da shi: in ya goga su da juna, jakar iskar da ke cikinsa, wadda ke taimaka masa tsayawa a ruwa ba tare da ya nutse ba, sai ta ƙara wa sautin ƙarfi. Masunta sun fi kowa sanin wannan ƙara, don sukan ji ta in sun ɗago kifin cikin kwalekwale.

Wannan kai-komo na dare da rana yana da amfanin da ya wuce cikin kifin. Ruwan da murjani ke rayuwa a ciki garai-garai yake, kuma garai ɗin nan alamar talauci ce, ba shi da taki sosai. Kifin da ya ci a yashi da dare ya dawo ya yini a kan murjani yana fitar da kashi da fitsari, taki yake ɗaukowa daga can ya sauke a nan. An auna wannan a wurin 'yan uwansu na Tekun Karebiyan, a tsibirin Sen Kuruwa, aka buga sakamakon a 1983: murjanin da garken kifaye masu gurnani ke yini a kansa ya fi wanda babu kifi saurin girma. Murjani ya ba da inuwa, kifi ya biya da taki.

Haihuwa kuwa a sarari ake yinta, babu sheƙa, babu reno. Mace ta saki ƙwai namiji ya saki maniyyi a cikin ruwa, ƙwan su taso sama igiyar ruwa ta kwashe su. Abin da ya ƙyanƙyashe ɗan mitsitsi ne mai kama da gilashi, yana yawo a buɗaɗɗen teku na makonni, kuma mafi yawansu a bakin mafarauta suke ƙarewa. Wanda ya tsira ya sauka a ruwa marar zurfi, tsakanin murjani ko ciyawar teku, a nan ya sa rigar rawa. A tsibiran Palau an san wasu jinsunan suna taruwa a wurare sanannu don haihuwa a kwanakin da wata ya ɓace, kuma masuntan wurin sun san wannan tun kafin masana su rubuta shi.

A nan gizo ke saƙar. Duk ɗabi'un da suka raya wannan kifi shekaru aru-aru su ne suka zame masa ƙarfen ƙafa da ɗan Adam ya shigo ruwa da gilashin ido da bindigar mashi. Tsayawa cik a bakin kogo ta wadatar a gaban shak, amma ga mai mashi kyauta ce. Yini a wuri guda kullum yana nufin wanda ya gano wurin yau zai dawo gobe. Taron haihuwa kuwa ya fi duka haɗari: manyan kifayen yanki guda sun haɗu wuri ɗaya a ranakun da kowa zai iya lissafawa da wata, raga ɗaya ta isa ta kwashe iyaye da ƙwan da ba su kai ga saki ba. Kuma muddin taron bai watse ba kamu zai ci gaba da kyau, har masunci ya ɗauka kifi na nan da yawa alhali ragowar ce yake kwasa.

Ɗan ma bai tsira ba. Kyansa da rawarsa sun sa ana kama shi ana sayar wa masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi. Wannan ciniki yana damuna, domin kifin bai dace da shi ba ko kaɗan. Da yawa ba su karɓar abinci in an tsare su, su yi ta rama har su mutu. Wanda ya rayu kuma cikin 'yan shekaru zai zubar da launin da aka saye shi dominsa, ya zama ƙaton da akwatin gida ba zai ɗauka ba.

Sai kuma mazauni. In aka keɓe tsaunin murjani aka hana kamun kifi a kansa, an yi abin kirki, amma rabin aiki ne. Babban da ke kwance a can da rana abincinsa a yashi da ciyawar teku yake, wataƙila a wajen iyakar da aka shata. Ɗansa kuma a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa yake tashi, wurin da ake fara cikewa da ƙasa in za a gina tashar jiragen ruwa ko masaukin baƙi, wurin da laka da dattin gari ke fara sauka. Shi kansa murjanin zafin ruwa na cinsa. In zafi ya haura abin da ya saba da ma'aunin digiri 1 kacal na tsawon makonni, sai ya kori ƙananan tsiran da ke zaune cikin namansa suna ciyar da shi, ya koma fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. An ga haka a faɗin duniya a 1998, an sake gani a 2016, an kuma gani a 2024. Murjanin da ya fi saurin mutuwa shi ne mai rassa da mai faɗin tebur, wato maɓoyar ɗan da inuwar babban. Mai kaurin leɓe ba ya cin murjani, don haka ba ya mutuwa nan take. Sai bayan shekaru, in matattun rassan sun ruguje sun zama tsakuwa, ake lura wurin ya zama kango.

Tekun Fasha ya nuna yadda abin ke kaiwa. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa akwai wani ɗan wannan dangi, Diagramma pictum, wanda masunta ke kira farsh, kifin kasuwa ne sananne. Ana gane shekarun kifi ta wata 'yar tsakuwa da ke cikin kunnensa, wadda in an yanka ta ake ganin zobe-zobe kamar na kututturen itace, kowace shekara da nata. Da masu bincike a Abu Dabi suka ƙirga waɗannan zobba suka auna kifayen da ake saukewa a gaɓa, sai suka tarar ana kwasar farsh fiye da yadda yake iya mayar da gurbi, kuma da yawa ana kama su tun ba su kai ga haihuwa ba. Babban abin kamun a lokacin shi ne gargur, wani tarkon waya mai siffar ƙubba da ake ajiyewa a ƙasan teku. Ga kifin da duk rayuwarsa inuwa yake nema da rana, irin wannan tarko kogo ne kawai da ya samu a fili, da kansa yake shiga. In igiyar tarkon ta tsinke ya ɓace a ƙasa, haka zai ci gaba da kamu ba mai ɗagowa, wanda ya mutu a ciki ya zama abin jawo na gaba. A 2019 Abu Dabi ta haramta amfani da gargur a ruwanta.